Abin da Zaman Rukunin Gidaje Ya Koya Mini

Ranar da na karɓi makullin gidana a wani rukunin gidaje da ke Lugbe, kan hanyar filin jirgin saman Abuja, na ɗauka ni da rigimar gida mun rabu ke nan. Ga katanga, ga ƙofa ɗaya, ga mai gadi. Bayan shekara 2 maƙwabta suka ɗora mini ma'ajin ƙungiyar mazauna, a nan ne idona ya buɗe.

1. Makulli ba shaidar mallaka ba ne. Takardar rabon gida da rasit kawai kamfanin da ya sayar mini da gidan ya ba ni, na adana su a akwati hankalina kwance. Sai da na so sa gidan jingina, aka ce in kawo C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, sannan na gane ashe takarda ɗaya ce ta filin gaba ɗaya, kuma tana hannun kamfanin. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, a Abuja kuwa ministan birnin ne ke riƙe da ikon, kuma ba a sauya wa fili mai shi sai da amincewar hukuma. Da na ɗauki lauya ya leƙa AGIS, ofishin bayanan filayen Abuja, kafin in biya, da na san abin da nake saye. Kuɗin lauyan na yi ƙyashin fitarwa.

2. Ƙungiyar da ba rajista, taron hira ce a idon doka. Kuɗin gadi, na kwashe shara da na gyaran rijiyar burtsatse duk asusuna na banki suke shiga, domin an yarda da ni. Da mai gyaran taransfoma ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, muka tashi kai ƙara, lauya ya ce ƙungiyarmu ba ta da sunan da za ta tsaya da shi gaban alƙali. Dole muka je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muka yi rajistar amintattu bisa dokar kamfanoni ta 2020, da kundin dokokinmu, da sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. A tsakanin nan na ji ana raɗa cewa na ci kuɗin. Ban ci ko kwabo ba, amma rabin rasit ɗin ban ajiye ba, to da me zan wanke kaina?

3. Abin da aka bari a baki, iska ke kwashewa. Wani ɗan haya a rukunin ya ce mai gida ne zai biya kuɗin hidima, mai gida yana Kaduna ya ce wanda ke ciki shi ke shan ruwan. Yarjejeniyar hayar ba ta ce komai ba. Wata 8 muna safa da marwa tsakaninsu.

4. Bin bashi bai ba ka ikon hukunci ba. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. A taro muka yanke cewa duk wanda bai biya ba, kada a buɗe wa motarsa ƙofa. Ni na rubuta sunayen, ni na miƙa wa mai gadi. Da magariba wani dattijo ɗan fansho ya dawo daga asibiti da matarsa a kujerar baya. Mai gadi ya kira ni: "Yallaɓai, Baba ne a ƙofa, sunansa na cikin takarda." Kafin in fito har ya sauko da ita, tana dafe da kafaɗarsa, suna takawa a hankali, ledar magani a hannunsa.

Mako guda bayan haka wasiƙar lauyan ɗansa ta iso. Namu lauyan ya ce ba mu da gaskiya: bashi a kotu ake binsa ko a teburin sulhu, doka ba ta yarda a tare mutum daga gidansa ba. Ni tun kafin wasiƙar na san mun yi kuskure.

Na je har falonsa na durƙusa. "Baba, a yi mini aikin gafara." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, da ka ƙwanƙwasa ƙofata ka tambaya, da na gaya maka fansho ne ya makale." Ya ɗauko littafin da yake rubuta bashin da ake binsa, ya nuna mini sunan ƙungiyarmu a layi na biyu, ƙarƙashin na mai kemis.