Ƙurajen Hunturu

A Takanamat, arewa maso yamma da birnin Tawa, hunturu ba ya sallama kafin ya shigo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga hamada, ta ƙafar da tabki, ta tsattsage leɓe da dunduniya. A irin wannan lokaci ne wata ɗaliba ƴar shekara 14 ta daina ɗaga hannu a aji, ko da ta san amsa, don kada hannun riga ya zame a ga damtsenta. Waɗansu ƙananan ƙuraje ne suka feso mata, masu kaushi kamar fatar kazar da aka fige. Ƙawayenta suka ce ƙazuwa ce, suka janye tabarma. Kakarta ta ce ƙazanta ce, ta sa aka riƙa dirje ta da soso da ruwan zafi, har wurin ya yi baƙi.

Sai da mahaifiyarta ta kai ta asibiti a Tawa aka warware zancen. Likitoci na kiran abin keratosis pilaris. Sinadarin keratin, wanda da shi ake gina gashi da farce, shi ne ke taruwa ya toshe ƙofar gashi, galibi a damtse da cinya da kumatu. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, saboda haka ba a ɗaukarsa a zama ko a ci tare. Yakan bi jini, yakan tsananta idan fata ta bushe, kuma ga mutane da yawa yakan lafa idan sun doshi shekara 30.

Ba shi da maganin da ke kawar da shi ɗungurungum, sai dai lallami: wanka da ruwa mai ɗumi, sabulu kaɗan, ba dirza, ba tsatsa, sannan a shafa man kaɗe tun jiki bai gama bushewa ba. Idan da hali, likita kan rubuta mai mai ɗauke da yuriya, wanda ke tausasa kaushin. Da wannan yarinyar ta saba, safe da yamma.

Babban haɗarin yana kasuwa. Tabon da dirza ta bari shi ke tura ƴan mata ga man bilicin, alhali wasunsa na ɗauke da kotizon ko makuri, na farkon yana sirantar da fata, na biyun kuma har ƙoda yake taɓawa. Dalili ke nan da Kwaddibuwa, inda ƴan Adar da dama ke zuwa ci-rani, ta haramta irinsu a 2015. Garin neman gira kada a rasa ido.

Malamin da ya ga yarinya ta yi shiru cikin hunturu, kada ya yi saurin cewa dakikiya ce. Minti biyar na bayani a gaban allo sun isa su sa ƙawayenta su sake matso da tabarmarsu.