Zaɓen Mai Ɗaukar Kayan Ƙaura Daga Ikko Zuwa Kano

A zamanin fatauci, Bahaushen da zai tafi Gwanja sayen goro ba ya shiga ayari sai ya san madugunsa. Yakan bincika sau nawa ya kai mutane Salaga ya komo da su lafiya, da kuma yadda yake shiryawa da sarakunan hanya wajen kuɗin fito. Jakuna sun ba mota wuri, amma irin wannan bincike bai tsufa ba. Shi ne ya hana wani dattijo barci lokacin da ya ajiye aikin gwamnati a Ikko, ya ƙudura komawa Kano da iyalinsa bayan shekara 30 yana zaune a Agege.

Da a zamanin mahaifinsa ne, da magana ta ƙare a tashar jirgin ƙasa, domin dogo ya iso Kano tun 1911. To, harkar jirgi ta yi rauni tun shekarun 1980, jigilar kaya ta koma kan titi, tafiyar kusan kilomita 1,000 ta Badun da Ilori da gadar Jaba.

Hanya mafi araha ita ce ta manyan motocin da ke kawo shanu da albasa da tumatir daga Arewa. In sun sauke, direbobin ba sa son komawa wayam, saboda haka ɗan kamasho yakan haɗa su da mai kaya a kan kuɗi kaɗan. Dattijon ya fara karkata can, amma uwargidansa ta tare shi.

"Malam, a motar shanu za ka zuba mini kayan ɗakina?" in ji ta.

Tana da gaskiya. Kayan ɗaki ba na miji ba ne, dukiyar mace ce wadda iyayenta suka yi ɗawainiyar tarawa, ita kuma ta yi ta ƙarawa a kai da kuɗin adashe. Gado da kwanukan jere da tangaram, kowanne ta san ranar da ya shigo hannunta. Katifar da ta kwana uku a inda albasa ta kwanta kuwa, warin ba ya rabuwa da ita.

Sai ya juya ga kamfanonin da suka mai da ɗaukar kayan ƙaura sana'a. Na farko ya yanka masa farashi ta wayar tarho ba tare da ya ga ko kujera ɗaya ba. Wannan ya tuna masa da wani maƙwabcinsa da aka yi wa haka, sai da aka gama loda kaya aka ce sun fi yadda aka zata, kuɗi ya ƙaru, shi kuwa ba halin ya ce a sauke. Na biyu yana da ofis mai ƙyalli, amma da aka matsa wa akawunsa da tambaya, sai ta bayyana cewa motarsu a Kaduna take tsayawa, a juye kaya a wata motar da ba tasu ba. A wurin juyi kuwa ake yawan ɓarna, kuma in abu ya ɓace kowane direba zai ce a hannun ɗan'uwansa ya ɓace.

Na uku ya fi na farko tsada. Sai dai ya aiko mutum har gida, ya shiga ɗaki-ɗaki da izini, ya ƙidaya kaya, ya rubuta su a takarda biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. A cikinta an faɗi wanda zai biya 'yan dako, da lambar motar, da cewa rufaffiya ce ba mai tamfol ba, abin da ke da muhimmanci tunda damina ta kama. An rubuta kuma abin da kamfani zai biya in wani abu ya fashe. Duk da haka dattijon bai saki jiki da takarda kaɗai ba. Ya aika wa ƙanensa a Kano ya je ya ga ofishinsu na can da idonsa, ya tambayi mutanen unguwar tun yaushe suke wurin. Aka ce sun daɗe, kuma an san gidan mai kamfanin.

Aka shirya a kan rabin kuɗi a Ikko, rabi sai kaya sun sauka. Ya sa ɗan ƙanwarsa ya zauna gaban mota kusa da direba, ya ja masa kunne kada ya yarda a yi tafiyar dare, kada kuma a ƙara kayan kowa a hanya.

Motar ta iso a rana ta uku da la'asar. Uwargida ta zauna a bakin zaure da takarda a hannun jikarta, ana shigo da kaya yarinyar tana karantawa. Komai ya cika, sai madubin sif da ya tsage. Direban ya duba, ya ce, "Baba, wannan namu ne." Aka cire kuɗin madubi daga ragowar kafin a miƙa masa.