Jan Fasfo: Abin Da Fim Bai Nuna Mana Ba

Mai karatu, in dai kai ma'abocin littattafan soyayya ne, na san ka sha cin karo da wannan jarumin: ɗan ambasada, ko ambasadan da kan sa, mai jan fasfo da mota mai lambar CD. Ana ɗaura aure sai marubuciya ta ɗora amarya a jirgi, shafi na gaba ga ta a Amurka ta na shan iska. Ni ma haka na ɗauki abin, har sai da ya shigo gidan mu.

Shekarar da na gama difloma aka gayyace ni wani bikin finafinai a ƙasar waje. Na biya kuɗin biza, na kwana a mota, na yi sammako na bi layi. Minti biyu ba a yi ba aka turo mani fasfo na ta ƙasan gilashi, wai babu hujjar zan dawo gida. A wannan watan ne kuma yaya ta ta samu tata bizar, ba layi, ba intabiyu, ko sisi ba ta biya ba, domin mijin ta ya samu aiki da wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Amurka. Na yi mata murna a baki, amma maganar Allah zuciya ta cike ta ke da ƙyashi.

Daga baya ne na fahimci tsarin. Amurka na bai wa jakadu da manyan jami'an gwamnati biza mai suna A-1 ko A-2. Ma'aikatan ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya kuwa G-4 ake ba su. Mata ko miji, da 'ya'yan da ba su yi aure ba, su na samun irin bizar mai aikin. Kuma jan fasfo kaɗai ba ya wadatarwa, aikin da zai kai ka shi ake dubawa.

Mu 'yan kallo, fim ne ya fara ruɗa mu. Ka tuna 'Lethal Weapon 2' na 1989, inda Mel Gibson da Danny Glover su ka yi ta fama da wani jami'in diflomasiyyar Afrika ta Kudu mai tafka ta'asa ya na ɗaga kati? Kariyar gaskiya ce, Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ce ta tanade ta. Sai dai cikakkiyar ta ta jakadu ce da iyalan su. Yawancin ma'aikatan ƙungiyoyi, kariyar su ba ta wuce abin da su ka yi a bakin aiki ba.

Manya ma ba su tsira ba. Duk da yarjejeniyar 1947 da ta ɗora wa Amurka nauyin barin wakilai su isa hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, a 1988 ta hana Yasir Arafat biza, sai da aka kwashi zaman zuwa Janeba sannan ya yi jawabi. A 2025 aka maimaita wa Mahmud Abbas, ta bidiyo ya yi nasa jawabin.

To, mu koma kan yaya ta. Shekara huɗu ta yi a can. Wata rana da asuba waya ta ta yi ƙara.

"Auta, kar ka faɗa wa Inna tukuna. Auren ya mutu."

"Innalillahi! Yaya, yanzu ina ki ke?"

"Ina gidan wata ƙawa ta. An ce tunda ba ni cikin iyalin sa, zama na ya ƙare."

Nan ne gizo ke saƙar. Bizar da na yi wa ƙyashi ashe ba tata ba ce, aron ta aka ba ta. Ta rataye ne a jikin aikin mijin da igiyar auren. In aikin ya ƙare, ko auren ya tsinke, izinin zaman ya bi su. Karatun da ta fara ta bar shi a tsakiya, ta dawo da akwati biyu da yarinya a goye. Wanda ya hau dokin aro, dole ya sauka inda mai shi ya ce.

Akwai waɗanda su ka fi ta shiga tsaka mai wuya: 'yan aikin gida da ake tafiya da su a kan bizar A-3 ko G-5, wadda ke ɗaure da ubangidan da ya kawo su. Masu son Indiya za su tuna Devyani Khobragade, mataimakiyar ƙaramin jakadan Indiya a New York, da aka kama a Disamba 2013 bisa zargin yin ƙarya kan albashin 'yar aikin ta a takardar neman biza. Indiya ta mayar da ita ofishin ta na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta samu cikakkiyar kariya, ta koma gida a Janairu 2014. Wannan ai labarin fim ne sukutum!

Shi ya sa na ke roƙon marubuta da furodusoshin mu: in za ku kai jaruma ƙasar waje, ku daina tsayawa a filin jirgi. Ku nuna mana matar da fasfon ta ke kulle a durowar miji, wadda ba ta san me aka rubuta a bizar ta ba. Ke kuma 'yar'uwa, in Allah Ya haɗa ki da irin wannan mijin, ki tafi da albarka, amma ki riƙe fasfon ki a hannun ki, ki tambayi sharuɗɗan zaman ki tun kafin ki taka jirgi.

Yaya ta yanzu ta koma makaranta a nan gida. Ran nan ta same ni ina cika wata takardar neman biza, ta leƙa ta ce, "Auta, in sun ba ka, ka gode wa Allah. Taka ce, da sunan ka."

Har yanzu dai ina jiran amsar su. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.