Mene Ne Abin Shan Sukuwar Kano?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani yammaci da na yi a Filin Sukuwa na Kano, da wata tambaya da aka yi mini can na kasa amsawa.

Ni mazaunin Gawuna ne, ta ƙasar Nassarawa, daga gidana zuwa filin kuwa ba wata tafiya ce mai nisa ba. Ga wanda bai san wurin ba, fili ne makeke a unguwar da Turawa suka zauna bayan sun ci Kano a 1903. A wannan yanki ne gidan Sarki na Nassarawa da Gidan Gwamnati suke, inda Sarki kan zo bisa doki ran Hawan Nassarawa. Watau dai ƙasar wurin ta daɗe da sabawa da kofato.

Ran nan aka yi shelar za a yi sukuwa, sai na ɗauki wani tsohon abokina da ya sauka wurina, wanda ya yi shekaru yana karatu a Amurka, muka tafi. Mun isa bayan la'asar, muka tarar jama'a ta yi dafifi. Da aka saki dawaki, wani akawal da wani kili suka yi ta kai da kai, ƙura ta turnuƙe, ihu ya kaure, har akawal ya tsere da ƙyar.

Da ƙura ta lafa sai muka zaga bayan 'yan kallo, inda masu abinci suka yi sahu. Ga mai tsire yana barbaɗa ƙuli da yaji, ga balangu na ɗiga mai bisa garwashi, ga kilishi, ga gurasa, ga mai rake da mai dafaffiyar gyaɗa. Nan kam ban ji kunyar baƙona ba, don ya ci har ya lashe yatsu. Sai ƙishirwa ta taso, ya dube ni ya ce, "Malam, mene ne abin shan wannan sukuwa taku?" Na waiga dama, na waiga hagu, ban ga kome ba sai lemon kwalba da ruwan leda, ga ledojin da aka yar iska tana kwasarsu zuwa hanyar dawaki. Na yi shiru.

Sa'an nan ya ba ni labari. A birnin Luwisbil na jihar Kentaki akwai wata sukuwa da ake kira Kentucky Derby, wadda aka fara a 1875, bisa al'ada ana yinta ran Asabar ta farko a watan Mayu. Gudun bai wuce kamar minti 2 ba, amma mutane kan yini ana ci ana sha. Suna da wani romon nama mai kauri da kayan lambu, suna kuma da abin sha guda da kowa ya san na wannan rana ne, sunansa mint julep. Giya ce ta masara ake zuba wa sukari da na'a-na'a da niƙaƙƙiyar ƙanƙara. Akan sayar da kofi wajen 120,000 cikin kwana 2, mutum kuma ya tafi gida da kofinsa don tunawa.

To, mu Musulmi ne, giya haramun ce, ba kuwa ita nake kwaɗayi ba. Dabarar nake so mu duba. Malamanmu ma za su so su ji cewa kalmar nan julep asalinta jullab ce ta Larabci, daga gulab ta Farisanci, watau ruwan wardi. Ashe tun farko abin sha ne mai zaƙi na halal, daga baya aka sa masa giya. Ga kuma Saudiyya, a 2020 ta fara wata sukuwa a Riyad mai ladan dala miliyan 20, manyan duniya suna zuwa, alhali gahawa da dabino ne abin tarbar baƙo a ƙasar. Sukuwa ba ta bukatar maye kafin ta yi armashi.

Mu me muka rasa? Ga kunun aya, ga fura da nono, ga ruwan tsamiya. Amma ni zoɓo na zaɓa. Manomanmu na Kano da Jigawa ke nomansa, har ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Meziko, can su jiƙa su sha da alfahari, mu kuwa mun mai da shi abin yara a ƙulle cikin leda. Lalle kayan aro ba ya rufe katara.

Shawarata ga shugabannin sukuwa ita ce su keɓe rumfa mai tsabta, a dafa zoɓo da citta da kanumfari da na'a-na'a, da ruwa mai kyau, a riƙa ba da shi a kofi mai hoton doki. Matan unguwanninmu da suka gwanance da dafa shi su sami sana'a, manomi ya sami kasuwa, fili ya huta da leda, baƙo kuma ya koma garinsu da abin faɗi.

Ina so in ji ra'ayin 'yan'uwa na Katsina da Sakkwato da Zariya, ko akwai wanda ya ga wani abin sha ya fi zoɓo cancanta. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Gawuna, Kano.