Zare: yadda rana da tsakuwa suka cinye min alminiyom ɗin ƙaramar tirelata

1/ Masu tambayata ina labarin "ɗigon hawaye" da nake ta ɗora hotonta tun hutun da ya wuce, tana nan lafiya. Amma sai da na yi asarar falle biyu na alminiyom, kusan rabin kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa. Ku matso ku ji.

2/ Ga wanda bai san ta ba: ƙaramar tirela ce da mota ke ja, gabanta a zagaye, bayanta ya tsuke. A Amurka ta fito a shekarun 1930, ta yi tashe bayan yaƙin duniya na biyu. Katifa a ciki, ɗan kicin a baya. Tawa ƙafa 4 ce a faɗi, 8 a tsawo, girman fallen filawud ɗaya.

3/ Yayana mai walda ne, shi ya haɗa min ƙarfen ƙasa, ni na yi gangar jikin da katako. Da aka zo rufi muka shiga Ƙofar Ruwa na sayo alminiyom mai kaurin milimita 1. So nake ya kwanta luf kamar madubi, sai na shafe bayansa kaf da gam na manna a jikin katakon.

4/ Yaya na gefe yana kallo. Ya ce, "Injiniya, ka bar wa ƙarfen nan wurin numfashi." Na ce, "Yaya, ka bar min wannan." Bai ƙara magana ba, ya ɗau abin waldarsa.

5/ Kwana uku tana tsakar gida a ranar watan Afrilu. Ranar na huɗu da azahar na fito, wallahi gefen hagu ya kumbura ya yi tudu da kwari. In ka danna nan ya ce ɓas, ya tashi a can. Da daddare ya ɗan lafa, gari na wayewa ya dawo.

6/ Abin haushin, injiniyanci nake karanta, aji uku, kuma mun yi wannan a aji. Alminiyom na miƙewa kimanin milimita 0.023 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Falle mai mita 2.4, tsakanin sanyin asuba da zafin ƙarfe da rana a ce digiri 40: ya haura milimita 2.

7/ Milimita 2 kamar ba komai ba ko? Katakon da ke ƙasa bai miƙewa haka. Gam ya riƙe wani wuri, ya saki wani wuri saboda zafi, ƙarfen ya rasa inda za shi, sai ya yi sama. Wajen ɓamɓarewa falle biyu suka lanƙwashe. Na zauna a ƙasa na yi shiru. Umma ta leƙo ta ce ko rasuwa aka yi.

8/ Karo na biyu na bi ta Yaya. Muka shafe katakon da banish sau uku saboda damina. Muka shimfiɗa fallen ba gam, sai ƙarfen baki da ke danne shi a gefe-gefe. Ramin kowane sukuru mun ɗan buɗa shi fiye da sukurun, muka cika ƙasansa da abin toshe ruwa.

9/ Inda alminiyom zai taɓa baƙin ƙarfe muka sa tsohon tib a tsakani, don in suka haɗu da danshi alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Wannan kam ni na tuna, a rubuta min.

10/ Dabarar da ta fi burge ni: ƙarfen baki ba ya yarda ya bi zagayen gaba sai an tausasa shi. Yaya ya goga masa sabulu, ya bi shi da wuta har sabulun ya yi baƙi, ya bar shi ya huce. Da hannu muka lanƙwasa shi.

11/ Na ɗauka an gama. Muka ɗaura ta a motar Yaya muka bi hanyar burji zuwa ƙauyenmu. Muna isa na zagaya gaba: ƙasan goshinta kamar mai zanzana. Duk tsakuwar da tayoyin baya suka feso, a nan ta sauka. Ni ina ta tunanin rana da ruwa, ban taɓa kawo motar da ke janta a lissafi ba.

12/ Yanzu gaban na da alminiyom mai kauri, irin mai gurza-gurza da ake sa wa matakalar manyan motoci, tsayin santimita 60 daga ƙasa, da shimfiɗar roba a bayansa. Da sukuru aka ɗaure, in ya ji jiki a cire a sauya. Motar kuma mun rataya mata robar tare laka a bayan tayoyi, kuma ita ce ta fi yin aiki, ga araha.

13/ Akwai lotsawa uku da suka haura saman farantin, ba su rufu ba. Yaya ya ce a canza fallen, na ce sai na biya kuɗin rajista tukuna. Wanda ya san inda ake samun tef ɗin butil a Kano ya taimaka min a ƙasa, ƙofar kicin ɗin har yanzu tana ɗan yoyo.