Farin Layin Da Ruwa Ya Bari A Jikin Dutse

A farkon shekarar 2023 wani dattijo ɗan Arewa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin noman rani a gaɓar Tafkin Chadi, ya kai wa ɗansa ziyara a Amurka. Ɗan ya ga bai kamata Baba ya komo gida bai ga abin ba da labari ba, saboda haka ya ɗauke shi a mota suka nufi Kwazazzabon Glen, a kan iyakar jihohin Arizona da Yuta. Tun 1972 Gwamnatin Amurka ta keɓe wannan wuri don shaƙatawar jama'a.

Ƙasar hamada ce ta jan dutse, babu inuwa, sai 'yan tsirrai jefi-jefi. Kogin Kolorado ne ya yi shekaru aru-aru yana cin dutsen har ya haƙa kwazazzabo mai zurfin gaske. Da farko sun tsaya a inda kogin ya yi lanƙwasa kamar kofaton doki. Dattijon ya leƙa, ya hango ruwa can ƙasa, nisan kimanin ƙafa 1,000, ya ja da baya yana tasbihi. Lalle gani ya kori ji.

Daga nan suka wuce madatsar ruwa, wadda tsayinta ya kai ƙafa 710. A 1963 aka toshe kogin, ruwa ya yi ta taruwa har shekara 17 kafin tafkin ya cika a 1980. Aka sa masa suna Tafkin Powell, don tunawa da John Wesley Powell, wani tsohon soja mai hannu ɗaya da ya bi kogin cikin ƙananan jirage a 1869.

To, a nan ne yawon ya sake kama. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto, shi kuwa dattijon idonsa na kan wani farin layi da ya zagaye jan dutsen, sama da ruwan da fiye da ƙafa 150.

Ya ce, “Kai, mene ne wancan farin?”

Ɗan ya ce, “Baba, nan ne iyakar ruwan a da. Gishirin ruwa ne ya bar wannan alama.”

Dattijon bai sake cewa uffan ba. A lokacin, ruwan tafkin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na cikarsa ba, domin fari ya addabi yankin tun shekarar 2000. Wasu matsayan jiragen ruwa an rufe su, simintinsu ya ƙare a kan busasshen yashi. Shi kuwa ya san irin wannan gani. Ya tuna hanyoyin ruwa da aka haƙa a ƙasar Borno da kuɗi masu yawa, da yadda tafkin ya ja da baya a farin 1984 ya bar su wayam, manoma suka zuba ido ga alkamar da ba za ta yi ba.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ba a rasa mai gargaɗi ba. Shi kansa Powell ya faɗa wa wani taron masu noman rani a Los Angeles a 1893 cewa ruwan yankin ba zai ishi ƙasar da suke son nomawa ba, aka yi masa ihu. A 1922 jihohi bakwai suka raba ruwan kogin a takarda, alhali kuwa sun yi lissafinsu ne da shekarun da ruwa ya yi yawa. Watau an raba abin da babu. Mutum wajen miliyan 40 ne rayuwarsu ta rataya a kan wannan kogi, kuma a ƙasar ƙabilar Nabaho da ke maƙwabtaka da tafkin akwai gidaje da yawa da sai sun ɗauko ruwan sha a mota daga nesa.

Dattijon ya je da zaton cewa ƙasa mai kuɗi da injiniyoyi ta fi ƙarfin ƙishirwa. Ya dawo da sanin cewa madatsa ba ta haifar ruwa, ajiye wanda Allah Ya saukar kawai take yi, kuma duk wanda ya ci fiye da abin da ya tara, wata rana dutse zai ba da shaida a kansa.

Da suka komo mota, ɗan ya ɗauki ragowar ruwan gorarsa zai watsar. Uban ya riƙe hannunsa ya ce, “Ajiye shi, ɗana. Akwai sauran tafiya.”