Ba Kowane Layi Ake Yi Wa Guga Ba

A wannan zangon duk ɗan ajin ƙarshe da ka gani a kafe ko a ɗakin kwamfuta, abu ɗaya yake nema: giraf mai santsi da zai saka a babi na huɗu na furojek ɗinsa. Layi ya fito sumul, malami ya gyaɗa kai, a wuce wurin. Ni kuwa aikin da na zaɓa a sashen kididdiga ya sa yanzu in na ga layi ya cika santsi, sai in tambaya me aka share kafin ya zama haka.

Aikina a kan zafin ruwan teku ne, duk da cewa ban taɓa ganin teku da idona ba. Abokaina sun yi ta tsokanata a kan haka, amma bayanan kyauta suke a intanet. Akwai wani shirin ƙasa da ƙasa mai suna Argo da aka fara wajen shekarar 2000, yana da na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya. Kowace tana nutsewa har mita 2,000, sannan ta taso sama duk bayan kwana 10 tana auna zafi da gishirin ruwa, ta tura sakamakon ta tauraron ɗan'adam. Na ɗauki na yankin Tekun Gini, wato ruwan da ke gaban Legas da Akara.

Alƙaluman ba sa zuwa a tsaftace. Na'ura takan yi tuntuɓe ta ba da lamba ɗaya da ta yi tsalle ba dalili, wani wurin kuma babu awo sam. Don haka aiki biyu ne: a yi wa layin guga, a kuma cike giɓi. Matsalar ita ce teku ma da kanta tana tsalle. Wanda ya taɓa iyo a kududdufi da bazara ya san yadda ƙirji ke jin ɗumi, ƙafa na jin sanyi. Haka teku take: sama ruwan ɗumi, can ƙasa ruwan sanyi, tsakaninsu kuma wata siririyar iyaka inda zafi ke faɗuwa da sauri. Masana na kiranta tamokilayin. Ita ce abin da nake nema, kuma ita ce abu na farko da guga ke cinyewa.

Ga misali da lambobin da na tsara don sauƙi. A ce ma'auni ya ba da 28, 28, 28, 18, 18, 18. Hanyar da kowa ya sani ita ce a ɗauki lambobi uku uku a fitar da matsakaicinsu. To a bakin iyakar za ka samu 24.7 da 21.3, zafin da babu na'urar da ta auna shi. Gangare mai kaifi ya koma tudu mai laushi. Kamar mai guga ne da aka ba shi wando ya cire tamoji, shi kuma ya haɗa har da karin ya shafe.

Yanzu a gwada wata hanyar da John Tukey ya yayata a shekarun 1970: a jera lambobi ukun daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. A bakin iyakar za ka samu 28 sannan 18, tsallen na nan daram. In kuma kuskuren na'ura ne, kamar 28, 28, 35, 28, 28, hanyar matsakaici za ta shafa wa maƙwabta laifin, wurare uku su koma 30.3, ita kuwa ta tsakiya sai ta jefar da 35 ɗin kawai. Wallahi ranar da na ga wannan a allon kwamfuta na ji daɗin kwas ɗin nan fiye da duk lakcocin shekara biyu.

Cike giɓi ma da nasa rikicin. Akwai lanƙwasasshen layin da ake kira sifilayin, wanda ke bi ta kan kowane ɗigo cikin ladabi. Kyakkyawa ne, amma in ya tunkari tsalle sai ya yi sama ya zarce kafin ya gangaro, ya nuna maka ruwan da ya fi duk wanda aka auna zafi. Shi ya sa Akima a 1970, da Fritsch da Carlson a 1980, suka fito da hanyoyin da ke rage wannan zarcewa ko su hana ta.

Sai dai lissafi kaɗai ba zai faɗa maka wane tsalle ne na gaskiya ba. A ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasar Japan ta sa tsibirin Oshika, wanda ke manne da gaɓar arewa maso gabashin ƙasar, ya nutse da kusan mita 1.2. Na'urorin auna tsayin ruwa da yawa a gaɓar sun lalace, aka samu giɓi a bayanai. Wanda bai san labarin ba, in ya haɗa awon kafin girgizar da na bayanta da layi ɗaya, zai ce teku ce ta yi ta hawa sannu a hankali, alhali ƙasa ce ta sauka cikin mintuna. Abin yi shi ne a yanka bayanan gida biyu a ranar, a gyara kowane ɓangare shi kaɗai.

A Tekun Gini kuwa, tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi kan taso kusa da sama a gaɓar Gana da Kodebuwa, ya kawo abincin da ƙananan kifaye ke ci, lokacin ne masunta ke cika kwalekwale da sadin. Wanda ya goge iyakar nan daga giraf ɗinsa ya goge alamar kakar masunta.

Malamin da ke duba aikina ya fi son layi mai santsi, ya ce ɗigogin suna sa shafi ya yi kama da an watsa gero. Mun yi ta ja, cikin girmamawa dai, har muka tsaya a kan cewa kowane giraf zai fito da ɗanyen awo a ɗigo ɗigo, layin da aka gyara a kansa, sannan a rubuta a ƙasa hanyar da aka bi da yawan lambobin da aka jefar. Ya ƙara mini shafi shida, kuma mai kafe naira yake caji kowane shafi.